Saja William Carney: yadda ya fito da tuta daga ganuwar Wagner

An haifi William Harvey Carney ranar 29 ga Fabrairu 1840 a Norfolk, wani gari na bakin teku a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka. Cikin bauta aka haife shi. Dokar jihar a wancan zamani ta hana a tara baƙar fata a koya musu karatu, amma akwai wani limamin coci da yake koyarwa a ɓoye, kuma a wurinsa Carney ya buɗe ido da karatu da rubutu yana ɗan shekara 14. Mahaifinsa ya gudu Arewa ta hanyar nan ta sirri da masu ƙin bauta suka shimfiɗa, inda ake miƙa gudajjen bawa daga wannan gida zuwa wancan har ya tsallake. Ya sauka a New Bedford cikin jihar Massachusetts, garin matuƙa jiragen ruwa wanda ya yi suna wajen ɓoye bayi, daga baya ɗan ya iske shi a can. Carney ya yi ta 'yan aikace-aikacen ƙarfi a gari, burinsa ya zama mai wa'azi a coci.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a watan Afrilu 1861, bayan jihohin Kudu sun fara ɓallewa don su ci gaba da riƙe bayi. Da farko gwamnatin tarayya ta ƙi ɗaukar baƙar fata aikin soja. Sai da Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin jihohin tawaye ranar 1 ga Janairu 1863 sannan ƙofa ta buɗe sosai. Gwamnan Massachusetts, John Andrew, bai yi wata-wata ba, ya kafa Runduna ta 54, sojoji duka baƙar fata, hafsoshi duka farar fata. Ya ɗora Robert Gould Shaw a kanta, matashi ɗan shekara 25 daga gidan masu arziki na Boston waɗanda suka shahara da ƙin bauta. Carney ya ba da sunansa a watan Fabrairu, aka sa shi a Kamfani na C, ba da jimawa ba aka ba shi igiyar saja. 'Ya'yan Frederick Douglass, tsohon bawan da ya shahara wajen yaƙi da bauta, su biyu, Lewis da Charles, suna cikin rundunar, Lewis ne ma samanjanta. Mutane suka yi ta tururuwa har aka cika aka samu rara, aka buɗe Runduna ta 55 da sauran. A cikin ta 55 ɗin nan akwai wani ɗan Kukawa ta ƙasar Borno, Nicholas Said, wanda bauta ta tsallakar da shi Sahara, yawon duniya ya kai shi Amurka.

Wanda ya shiga wannan runduna ya san abu biyu tun kafin ya ga filin daga. Na farko, majalisar 'yan tawaye ta zartar a watan Mayu 1863 cewa baƙin sojan da aka kama ba fursunan yaƙi ba ne, za a miƙa shi ga jiha ta hukunta shi a matsayin bawan da ya yi bore, farin hafsan da ya jagorance shi kuma hukuncinsa kisa. Na biyu kuwa daga gwamnatinsu ya zo. An ɗauke su bisa alkawarin albashin kowane soja, wato dala 13 a wata. Da lokacin biya ya yi sai aka ce nasu dala 10 ne, a cire dala 3 kuɗin kaki, saura 7, kuma da kurtu da saja duk ɗaya, alhali farin saja yana karɓar dala 17. Rundunar ta ƙi karɓa. Ko da jihar Massachusetts ta ce za ta cika musu gibin daga aljihunta, suka ce a'a, gwamnatin da ta ɗauke su ita za ta biya su daidai da kowa. Wata 18 suka yi ba su karɓi ko sisi ba, iyalansu a gida suna fama. Duk abin da zai zo a ƙasa, a riƙa tunawa mutumin da ba a biya ba ne ya yi shi.

A sansanin Meigs da ke Readville aka horar da su, aka raba musu bindigogin Enfield ƙirar Ingila. Wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka ya san rabin aikin. Harsashi da albarushi suna naɗe tare cikin takarda. Soja zai ciro ɗaya daga jakar fata mai cin 40, ya yage bakin takardar da haƙori, ya zuba albarushin ta bakin bindiga, ya tura dalmar, ya zaro sandar ƙarfe ya danna ta har ƙasa, ya mayar da sandar mazauninta, ya ɗaga kunama, ya ɗora wani ɗan murfin tagulla mai tartsatsi a kan hancin bindigar, sannan ya auna ya harba. Gwani yana yin harbi uku a minti ɗaya. A tsaye ake wannan aiki, don bindigar ta kusa kai kafaɗar mutum tsawo, ɗura ta a kwance wahala ce. Cikin ruɗewa wani yakan manta murfin ya yi ta ɗura harsashi kan harsashi, wani ya harba da sandar a ciki ta tafi ta bar shi da bindigar da ba ta ɗuruwa. Bayan harbi kaɗan kuma baƙin albarushi yakan cika wuri da hayaƙi, har mutum ba ya gane na kusa da shi.

Hayaƙin nan shi ne dalilin tuta. Babu rediyo, muryar hafsa ba ta wuce taku kaɗan cikin ƙarar igwa, don haka soja yana duban tutar rundunarsa ne ya san inda zai nufa. Ta yi gaba, a bi ta. Ta tsaya, a tsaya a ja layi a kanta. In aka watse, inda take nan ake taruwa. In ta faɗi ba wanda ya ɗaga, mutane ɗari shida sun zama taron da ba shi da alƙibla. Tutar ƙasa ta siliki ce, ƙafa 6 da rabi a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, sandarta ta kusa ƙafa 10 har da mashin da ke kanta. Hannu biyu take ci, saboda haka mai riƙonta ba ya ɗaukar bindiga, wasu kofur-kofur ne ke kewaye da shi suna kare shi. Abokan gaba ma sun san amfaninta, shi ya sa mai tuta ake fara aunawa. Ranar 18 ga Mayu gwamna ya miƙa wa rundunar tutocinta, ranar 28 ga wata suka ratsa titunan Boston suka shiga jirgin ruwa zuwa Kudu.

Abin da sojan tarayya ke nema shi ne Charleston, birnin bakin teku na jihar Carolina ta Kudu inda aka yi harbin farko na yaƙin. Ba a shiga tasharsa ta ruwa sai an kashe bakin igwoyin da ke tsaronta, kuma ɗaya daga cikin makullan wurin ita ce ganuwar Wagner a tsibirin Morris. Da yashi da ƙasa da kututturan itace aka gina ta, ta tare tsibirin daga gefe zuwa gefe. Gabas teku ne, yamma fadama ce mai taɓon da ke haɗiye mutum. Mai zuwa daga kudu ba shi da hanya sai wani siririn rairayi a tsakani, wanda in ruwa ya cika yakan tsuke ya koma 'yan yadi kaɗan. Gaban ganuwar akwai gwalalo wanda ruwan teku ke shiga. A ciki akwai igwa 14 da sojoji kusan 1,800 ƙarƙashin Janar William Taliaferro, ga kuma wani ƙaton ɗaki da aka rufe da katako da tudun yashi, mai ɗaukar mutum kusan dubu. An riga an gwada afka mata ranar 11 ga Yuli, aka yi asarar mutum 339, masu tsaro suka rasa 12. Wannan kaɗai ya isa ya zama gargaɗi.

Janar Quincy Gillmore, kwamandan sojan tarayya a wurin, ya yanke shawarar a fara daka ta da igwa. Ranar 18 ga Yuli 1863 aka wuni ana ruwan wuta daga tudu da kuma jiragen yaƙi masu sulke, dubban harsasai. Daga nesa ganuwar ta yi kamar ta mutu. Kuskuren yana nan: yashi ba ya tsagewa kamar bulo, harsashi yakan nutse a cikinsa ya fashe, ƙasa ta tashi ta dawo kusan inda take. Masu tsaro suna zaune a ɗakin nan na ƙarƙashi, wunin duka mutum 8 aka kashe musu, aka raunata kimanin 20. Janarorin tarayya ba su aika kowa ya duba ba, suka ɗauka aiki ya ƙare.

Su kuwa 'yan Runduna ta 54, kwana biyu kafin nan sun yi artabunsu na farko a tsibirin James, suka rasa mutum sama da 40. Daga can suka kwana suna tafiya cikin ruwan sama da laka, suna tsallaka tsibiri zuwa tsibiri, ba barci, ba abincin kirki. Da yammacin ranar 18 ga Yuli suka iso Morris. Janar George Strong, mai jagorantar rukunin farko na harin, ya tambayi Shaw ko zai shige gaba, Shaw ya amsa. Yana iya cewa mutanensa sun gaji, amma ya san ana ta cewa baƙar fata ba za su tsaya wa wuta ba, kuma ƙin amsawa zai zama hujja a bakin masu faɗin haka.

Aka jera mutum kimanin 600 sahu biyu, kamfani biyar-biyar. Shaw yana gaba tare da tutar ƙasa, mataimakinsa Edward Hallowell yana sahu na biyu da tutar jiha. Aka ce a ɗura bindigogi amma kada a sa murfin tartsatsi, a kafa banati. Dalilin shi ne wanda ya tsaya harbi a fili zai tsaya ɗuri, wanda ya tsaya ɗuri a gaban igwa kuwa ya gama. Ba a ba su tsani ba, ba gatari, ba injiniyoyi, ba wanda ya san ƙasar da zai yi musu jagora. Wajen ƙarfe 7:45 na yamma, rana na faɗuwa, suka tashi daga nisan sama da kilomita ɗaya. Ruwa ya fara cika, na gefen dama suna tafiya cikin teku har gwiwa. Da suka zo inda rairayin ya tsuke, sahu ya cukurkuɗe, mutane suka dunƙule wuri ɗaya, a daidai nan kuma, da saura kimanin yadi 200, masu tsaro suka fito daga maɓoyarsu suka buɗe wuta. Igwoyin an cika su da gwangwanaye masu ƙunshe da ƙananan ƙwallayen ƙarfe, in aka harba sai su bazu su share duk abin da ke gaba.

Carney yana da shekara 23, kuma ba shi ne mai tuta ba. Saja John Wall ne. Ana cikin gudu Wall ya faɗi. Carney, wanda yake kusa, ya yar da bindigarsa ya cafe sandar kafin ta kai ƙasa, ya shige gaba da ita. Ya tsallake gwalalo, ya hau gangaren yashin, ya kafa gindin sandar kusa da ƙolin ganuwar, ya durƙusa ya manne da ƙasa yana riƙe da ita. Shaw ya riga ya kai ƙoli, harsashi ya same shi a ƙirji ya faɗi matacce. Waɗanda suka hau tare da shi suka yi ta faɗa da banati da gindin bindiga, amma ba su da yawa, kuma rundunonin da ya kamata su biyo bayansu nan take ba su iso a kan lokaci ba. An saki hare-haren ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an gama da na gabansa yake isowa. A nawa ganin wannan ne ya kashe mutane fiye da tsayin ganuwar, don akwai wani lungu na kudu maso gabas da masu tsaronsa suka ƙi fitowa daga maɓoya, sojojin Connecticut da New York suka shiga ta nan suka riƙe shi na ɗan lokaci, amma ba a turo musu ƙari ba.

Yadda Carney da kansa ya ba da labari daga baya, cikin ƙasa da minti 20 ya waiga ya ga ba kowa a tsaye kusa da shi, sai gawarwaki da masu rauni. Ya hango wasu mutane suna tahowa, ya zaci nasu ne, har ya ɗaga tuta, sai ya gane abokan gaba ne. Nan ya yi abin da ya ceci tutar: ya naɗe ƙyallen a jikin sanda don kada ta yi ta kaɗawa tana nuna inda yake, ya gangara cikin gwalalo. Ruwan da bai tarar ba da zai hau, yanzu ya kai masa ƙugu. Da ya fito ta ɗaya gefen harsashi ya same shi, bai faɗi ba, ya ƙara gaba kaɗan wani ya sake samunsa. Ya ci gaba yana jan ƙafa, wani wuri da rarrafe, sandar a ɗage. A hanya ya gamu da wani sojan Runduna ta 100 ta New York, wanda ya tallafe shi ya ce ya kawo tutar ya riƙe masa. Carney ya ce ba zai ba kowa ba sai ɗan Runduna ta 54. Suna tafe wani harsashin ya gurje masa kai.

Da ya isa inda ragowar rundunar ta taru, Kyaftin Luis Emilio ne ke riƙe da ita, mafi ƙanƙanta cikin kyaftin-kyaftin ɗinta, don duk na sama da shi an kashe ko an raunata. Masu rauni suka ɗago suna yi masa kirari. Abin da ya ce musu, wanda aka yi ta maimaitawa a Amurka har yau, shi ne aikinsa kawai ya yi, kuma tutar ba ta taɓa ƙasa ba. Tutar jiha ba ta yi wannan sa'a ba. An yage ƙyallenta a kokawa a kan ganuwa, sandar kaɗai aka dawo da ita.

Cikin mutum 600, rundunar ta rasa 272, da matattu da masu rauni da waɗanda aka kama. Tarayya gaba ɗaya ta yi asarar 1,515 a daren, masu tsaro 174. Janar Strong ya mutu da rauninsa a ƙarshen watan, Kanar Haldimand Putnam, wanda ya jagoranci rukuni na biyu na harin, ya mutu a cikin ganuwar. 'Yan tawaye suka jefa gawar Shaw cikin rami ɗaya da sojojinsa da nufin wulaƙanci, mahaifinsa ya aiko cewa kada a tone shi, inda yake nan ya dace da shi. Ba a taɓa cin Wagner da hari ba. Ramuka aka yi ta haƙawa a karkace ana matsowa kusan wata biyu, har masu tsaro suka sulale suka bar ta daren 6 ga Satumba. Ta fuskar soja harin 18 ga Yuli asara ce tsagwaronta. Abin da ya canja shi ne bakin masu cewa baƙar fata ba za su yi yaƙi ba ya mutu, kuma kafin a gama yaƙin kusan baƙar fata 180,000 sun sa kakin sojan ƙasa na tarayya.

Harsashin wancan zamani dalma ce mai taushi, mai nauyin sama da giram 30. In ta bugi ƙashi takan baje ta farfasa shi, shi ya sa likitocin soja suka fi yawan yanke hannu da ƙafa, ga shi ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna, rauni yakan ruɓe. Carney ya tsira da gaɓoɓinsa, amma bai sake komawa fagen fama ba. Akwai hotonsa na wannan lokaci, yana tsaye da tutar a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana dogara sanda. Ranar 30 ga Yuni 1864 aka sallame shi saboda rauni, makonni biyu bayan majalisar ƙasa ta amince a daidaita albashin baƙi da farare. Sai a watan Satumba aka biya rundunar bashinta.

Ya koma New Bedford, ya auri Susannah Williams a 1865, suka haifi 'ya ɗaya, Clara, wadda ta zama malamar kiɗa. Ya yi aikin kula da fitilun titi na gari, ya je Kalifoniya neman abin kansa, bai daɗe ba ya dawo. A 1869 ya kama aikin raba wasiƙu na gidan waya, aikin yawo da ƙafa da jaka a kafaɗa, rani da hunturu, ga harsashi a jiki wanda ba a cire ba. Shekara 32 ya yi a kai. Yana cikin waɗanda suka kafa reshen ƙungiyar masu raba wasiƙu a garin a 1890, shi ne mataimakin shugabanta. A 1897, da aka buɗe gunkin tunawa da Shaw da rundunarsa a Boston, shi aka ba tuta ya riƙe a gaban jama'a.

Lambar da ake ba soja mafi girma a Amurka, wadda suke kira Medal of Honor, a lokacin yaƙin nan aka ƙirƙiro ta, ta sojan ruwa a 1861, ta sojan ƙasa a 1862. Da farko ba ta da ƙa'ida mai tsauri. An taɓa rubuta ta ga mutum 864 na wata runduna ta jihar Maine don wasu daga cikinsu sun yarda su ƙara 'yan kwanaki suna gadin Washington, sai a 1917 aka soke su. Tsofaffin sojoji da yawa su suka nema wa kansu bayan shekaru. A 1897 aka ɗaure ƙa'ida: dole wani ne zai gabatar da mutum, kuma dole a kawo shaidar waɗanda suka gani da idonsu. Ta wannan ƙofa mai wuya Carney ya bi. Christian Fleetwood, wani baƙin samanja da ya samu lambar tun 1865, ya tsaya masa, aka tattaro rantsuwar waɗanda suke Wagner a daren. Ranar 23 ga Mayu 1900 aka ba shi, saura kaɗan shekara 37 su cika. Takardar gajera ce: da aka harbe mai tuta, wannan soja ya kama ta, ya shige gaba zuwa ganuwa ya kafa ta, da aka ja da baya ya fito da ita cikin ruwan wuta, aka yi masa mummunan rauni har sau biyu.

Sau da yawa ana rubuta cewa shi ne baƙar fata na farko da ya samu lambar. A gyara: aikinsa ne ya riga na kowa faruwa. Amma wajen karɓa, wani sojan ruwa Robert Blake ya samu tasa tun 1864, Fleetwood da 'yan uwansa na yaƙin New Market Heights suka samu a 1865. Cikin lambobi kimanin 1,500 na yaƙin basasar, baƙar fata ba su kai 30 ba.

A 1901 ya bar gidan waya ya zama masinja a majalisar jihar Massachusetts da ke Boston. A can ne, cikin watan Nuwamba 1908, na'urar hawa bene ta matse masa ƙafa. Ya yi jinya a asibiti, ya rasu ranar 9 ga Disamba 1908 yana da shekara 68. Gwamnatin jiha ta sa aka sauke tutocin majalisa zuwa rabin sanda, abin da aka saba yi wa gwamnoni da manyan masu mulki. An binne shi a maƙabartar Oak Grove ta New Bedford, kuma akwai makarantar firamare a garin da ke ɗauke da sunansa.